Jagora Ga Mai Akwatunan Imel Da Yawa: Yadda Ake Gano Illar Manhajar Da Ke Sanƙarewa

Tun daga shekarar 1974, lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma jawo ruwanta ta manyan magudanai zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, noman rani a wannan yanki ya tashi daga matsayin lambun bakin rafi ya zama sana'a mai rajista da hatimi da fayil, wadda ba ta tafiya sai da wasiƙa. Takardun da a da masinja ke kaiwa a kan keke tsakanin ƙungiyoyin manoma da ofisoshin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, yau da yawa daga cikinsu ta imel suke bi, har ya zamana sakataren ƙungiyar masu amfani da ruwa, da dillalin taki da iri a Madobi, da mai injin casar shinkafa a Kura, da mai shagon buga takardu da ke yi wa jama'a hidima, kowannensu yana riƙe da akwatin imel uku ko huɗu: ga na ƙungiya, ga na shugaba da aka ba shi amana, ga wanda banki ya sani, ga kuma nasa na kansa. Domin neman sauƙi sai a tara su duka cikin manhaja guda a kan kwamfuta, ko dai Thunderbird ta Mozilla, wadda ake samu kyauta, ko kuwa Outlook ta kamfanin Microsoft.

To, a nan ne wata mas'ala ke yawan aukuwa. Da zarar an buɗe manhajar ta fara leƙa akwatunan, sai ta sanƙare, allonta ya yi fari-fari, linzami ya dinga juyawa, a danna nan shiru, a danna can shiru; kuma saboda hanzari, musamman idan ranar ce ta ƙarshe ta miƙa sunayen manoma, sai mai ita ya yanke hukunci cewa kwamfutar ce ta lalace, ya ɗauke ta zuwa birni a yi mata fomatin. Manufar wannan jagora ita ce ta nuna cewa wannan hukunci galibi zalunci ne ga na'urar, asara ce kuma ga mai ita, domin a mafi yawan lokaci illar tana tattare da akwati guda ko fayil guda, kuma duk wanda ya bi tartibi, ya fara da abin da ba ya cin kuɗi kafin mai cin kuɗi, zai iya gano ta da kansa a zama ɗaya. Abin da zan faɗa game da Outlook kuwa ya shafi tsohuwar da ke zuwa tare da Office ne.

Fasali na farko: abin da ke gudana a ɓoye

Ya kamata mai karatu ya sani cewa leƙa akwati guda, ko da yake a ido kamar ƙiftawa ne, aiki ne mai matakai a jere. Sai manhaja ta nemo sabar da ke riƙe da akwatin, ta duba takardar shaidarta ta tsaro, ta gabatar da suna da kalmar sirri, ta tambayi jerin abin da ya iso, ta sauke shi, ta rubuta shi a faifan kwamfuta, sannan ta shigar da shi cikin fihirisa domin a same shi ranar da aka nema. Idan akwatuna biyar ne, to, an ninka wannan aiki sau biyar a lokaci guda. Shi kuwa Windows, al'adarsa ita ce idan ya yi wa manhaja magana ta yi kamar daƙiƙa biyar ba ta amsa ba, sai ya rubuta Not Responding a samanta, alhali kuwa sau da yawa tana raye, jira kawai take yi ko kuma aiki ne ya sha kanta.

Manomin da ke ƙarshen layi ya fi kowa fahimtar wannan al'amari, domin ya san cewa ranar da aka buɗe ƙofofin kowace gona a lokaci guda, alhali ruwan da ke cikin magudana kaɗan ne, babu fangalin da zai ƙoshi, shi kuwa na ƙarshe ko laima ba zai gani ba. Shi ya sa aka shar'anta rabon kwana. Sabis ɗin da ake samu ta wayar hannu ko ta modem a ƙauyukanmu haka yake, kuma maganin da za mu zo kansa a gaba shi ma rabon kwana ne.

Fasali na biyu: sharaɗin da ke gaban kowane gyara

Kafin a taɓa komai, wajibi ne a kwafe ma'ajiyar wasiƙun, kuma dalilin wajabcin yana cikin bambancin hanyoyi biyu da ake karɓar imel. Hanyar IMAP, wadda Mark Crispin ya ƙirƙiro a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1986, tana barin asalin wasiƙu a kan saba, abin da ke kwamfutarka hoto ne kawai na abin da ke can. Ita kuwa hanyar POP, sauke wasiƙa take yi, kuma gwargwadon yadda aka saita ta tana iya goge ta daga saba bayan 'yan kwanaki, ta yadda rasit ɗin kuɗin ruwa na shekara uku da suka wuce ba shi da wani mazauni a duniya face faifan wannan kwamfuta. Wanda ya yi fomatin a irin wannan hali ya ƙona kundin ƙungiya da hannunsa.

Mai Thunderbird sai ya rufe manhajar, ya danna madannin Windows tare da harafin R, ya rubuta %APPDATA% a gurbin da ya fito, ya kwafe jakar da aka rubuta wa Thunderbird gaba ɗayanta zuwa filas ko wani faifai na waje. Mai Outlook kuwa ya nemi fayilolin da sunansu ya ƙare da .pst, waɗanda galibi ke cikin jakar Outlook Files a ƙarƙashin Documents, ya kwafe su. Sai bayan an ga kwafin da ido, an kuma tabbatar nauyinsa daidai yake da na asali, sannan ya halatta a ci gaba.

Fasali na uku: a fara da kallo

Sa'ad da manhajar ta sanƙare, kada ka yi gaggawar kashe ta. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, allon Task Manager zai bayyana, inda za ka ga ginshiƙai huɗu masu nuna wahalar da kwamfuta ke sha. Idan ginshiƙin Network yana motsi, to, sauke kaya ake yi, abin da ake bukata haƙuri ne na minti goma ko ashirin. Idan na Disk ne ya kai ɗari bisa ɗari ya tsaya a can, zargi ya koma kan ma'ajiyar wasiƙu ko manhajar riga-kafi. Idan na Memory ne ya cika, kamar yadda yake yawan faruwa ga tsofaffin kwamfutoci masu gigabait 4 sa'ad da aka bar shafuka da yawa a buɗe a Chrome, sai a rufe abin da ba a bukata. In kuwa dukkansu sun yi tsit amma manhajar ba ta motsa ba, to, wata saba ce ta ƙi amsawa ake ta jiranta.

Akwai kuma abubuwa uku ƙanana da suka cancanci a duba su nan take, domin sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa. Na farko, danna Alt da Tab ka ga ko akwai ƙaramar taga mai tambayar kalmar sirri da ta ɓuya a bayan babbar, domin muddin ba a amsa mata ba komai na iya tsayawa. Na biyu, dubi agogo da kwanan watan kwamfutar, saboda idan ɗan batirin da ke riƙe lokaci a cikinta ya mutu, takan farka a wata shekara da ta shuɗe, ta ɗauki takardun shaidar sabobi duka a matsayin na jabu. Na uku, buɗe kowane akwati a burauza. In can ma ya ƙi, to, laifin na hanya ne, sai a gwada layin wani kamfani ko a matsa da wayar inda sabis ya fi ƙarfi.

Fasali na huɗu: sabru da taƙsimi

Malaman usulul fiƙhu suna da wata hanya ta gano illar hukunci wadda suke kira sabru da taƙsimi, wato a jero dukkan siffofin da za su iya zama sababi, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya ana jarrabawa ana zubarwa har a bar wadda ta tabbata. Ban san wata ƙa'ida da ta fi wannan dacewa da mas'alarmu ba, kuma ita ce zuciyar wannan jagora.

Ka fara da yanke intanet gaba ɗaya, sannan ka buɗe manhajar. Idan ta sanƙare alhali babu intanet, ka tsallake zuwa fasali na bakwai, domin cutar a cikin gida take. Idan kuwa ta buɗe lafiya, ka yi amfani da wannan dama ka hana ta leƙa kowane akwati da kanta. A Thunderbird ana shiga Account Settings, a ƙarƙashin kowane akwati a zaɓi Server Settings, a cire alamar da ke gaban umarnin dubawa yayin buɗewa, da na dubawa kowane minti 10, da na karɓar sanarwa nan take. A Outlook ana danna Ctrl da Alt da S, a shiga Edit, a fitar da akwatunan daga rukunin aikawa da karɓa.

Daga nan sai ka mayar da intanet, ka ɗauki takarda da alƙalami, ka umarci manhajar ta duba akwati guda kaɗai, ka rubuta sunansa da tsawon lokacin da ya ɗauka da abin da ya faru, ka wuce na gaba. A Thunderbird akwai Activity Manager a ƙarƙashin Tools, wanda ke nuna aikin da ake ciki da inda aka tsaya. Kada a canza abu biyu a lokaci guda, domin wanda ya yi haka, ko da ya dace, ba zai san wanne ne ya yi magani ba, kuma ranar da abin ya dawo sai ya sake lalube daga farko. Natijar wannan jarrabawa ba ta wuce uku: ko akwati guda ya cije shi kaɗai, ko kowanne ya wuce lafiya amma su cije idan an haɗa su, ko kuwa dukkansu su cije. Na farko maganinsa yana fasali na biyar, na biyu yana na shida, na uku kuwa sai a tafi fasali na bakwai.

Fasali na biyar: idan akwati guda ne

Abu na farko da za a tuhuma shi ne hanyar shiga. Daga ranar 30 ga Mayu 2022 kamfanin Google ya daina barin manhajoji su shiga akwatin Gmail na ɗaiɗaikun mutane da suna da kalmar sirri zalla, kuma Microsoft ya bi sahu a akwatunan Outlook.com da Hotmail daga 16 ga Satumba 2024. Saboda haka akwatin da aka saita tun da daɗewa zai yi ta ƙwanƙwasa ƙofar da aka riga aka toshe. Gyaran shi ne a mayar da hanyar tantancewa zuwa OAuth2, a wurin karɓa da wurin aikawa duka, sannan a shiga ta shafin da kamfanin zai buɗe. In manhajar ta tsufa har ba ta san wannan hanya ba, a sabunta ta, ko a nemi kalmar sirri ta musamman mai harafi 16 da Google ke bayarwa ga wanda ya kunna tantancewa mai mataki biyu.

Sai lambobin mashiga, waɗanda kuskuren lamba guda a cikinsu ya isa ya sa manhaja ta yi ta jira har wa'adinta ya cika. IMAP mai tsaro 993 ce, POP mai tsaro 995, aikawa kuwa 465 ko 587. Tsofaffin lambobi 143 da 110 manyan kamfanoni ba su cika amsa su ba a yau.

Sai kuma mataccen akwati. Sau da yawa wani shiri na tallafi kan zo ya buɗe wa ma'aikatansa adireshi da sunansa, shekaru su wuce, shirin ya naɗe tabarmarsa, sabar ta rufe, amma akwatin yana nan cikin manhaja ana leƙa shi kowane minti goma. Irin wannan a kwashe wasiƙunsa zuwa Local Folders ko wani fayil na ajiya, sannan a cire shi.

Haka nan wasiƙa guda mai nauyi na iya tare hanya, alal misali hotunan gonaki ko jerin sunayen membobi da aka ɗauka da na'urar sikanin. Gmail na barin a aika har megabait 25, kuma kaya kan ƙara kusan sulusin nauyinsu a kan hanya, ta yadda idan sabis ya yanke a tsakiya sai a koma farko, a yi ta maimaitawa ana cinye data a banza. A shiga akwatin ta burauza, a sauke kayan daga can, a kawar da wasiƙar daga Inbox. A duba Outbox ma, domin wasiƙar da ta maƙale wajen fita tana hana na bayanta.

Na ƙarshe a wannan babi ya shafi akwatin tarayya. Gmail ba ya yarda da fiye da mahaɗa 15 ta IMAP a lokaci guda ga akwati ɗaya, ita kuwa Thunderbird ita kaɗai takan riƙe har 5. Idan akwatin ƙungiya yana kan wayar shugaba da ta ma'aji da ta sakatare da kwamfuta biyu, ba wuya a cika adadin. A Server Settings, ƙarƙashin Advanced, a rage wannan lamba zuwa 2, a kuma cire akwatin daga na'urorin waɗanda wa'adin muƙaminsu ya ƙare.

Fasali na shida: idan sai an haɗa su suke cijewa

Wannan ita ce alamar ƙarancin sabis ko raunin kwamfuta, kuma maganinta rabon lokaci. A bar akwati guda kaɗai, wanda ya fi muhimmanci, ya riƙa buɗewa tare da manhaja. Sauran a ba kowanne tazararsa dabam, kuma a zaɓi lambobin da ba su cika haɗuwa ba, kamar minti 13 da 17 da 23, domin wanda ya sa 10 da 20 da 30 zai tarar sun sake cin karo a kowace sa'a. Akwatin da ba ya samun wasiƙa sai jefi-jefi a bar shi sai an duba da hannu.

Bayan haka a rage kayan da ake saukewa. A Thunderbird, ƙarƙashin Synchronization & Storage, ana iya cewa a ajiye na kwana 30 na baya kawai, a kuma hana sauke wasiƙar da ta wuce wani nauyi sai an buɗe ta; a Outlook akwai ma'aunin da ake ja a mayar da shi wata uku ko ɗaya. Mai Gmail ya lura da jakar All Mail, wadda ke ɗauke da kwafin kusan kowace wasiƙa, ta yadda wanda ke sauke ta yana iya biyan kuɗin data sau biyu a kan abu ɗaya. A cire ta daga jerin jakunkunan da ake bi. Ranar da aka ƙara sabon akwati mai tarihin shekaru kuwa, a bar shi ya yi saukarsa ta farko da dare ko da asuba, sa'ad da layi ya yi sauƙi.

Fasali na bakwai: idan cutar a cikin gida take

A fara da buɗe manhajar tsirara, ba tare da ƙare-ƙaren da aka liƙa mata ba: a riƙe Shift yayin buɗe Thunderbird, ko Ctrl yayin buɗe Outlook. Idan ta yi lafiya a haka, to, ɗaya daga cikin ƙare-ƙaren ne, sai a mayar da su ɗai-ɗai bisa ƙa'idar da ta gabata. Sannan a jarraba dakatar da sashen binciken imel na manhajar riga-kafi na ɗan lokaci, domin Thunderbird takan tara wasiƙun jaka guda cikin fayil ɗaya tak, kuma duk sa'ad da sabuwa ta shigo, mai gadin na iya tsayawa ya binciki fayil ɗin tun daga farkonsa. Kwamfutar da aka ɗora wa riga-kafi biyu kuwa, a cire ɗaya.

Sai fihirisa, wadda babbar abokiyar gabarta ita ce ɗaukewar wuta. Idan aka ɗauke wuta ko mai ya ƙare a janareta daidai lokacin da ake rubutu a faifai, fihirisar kan karye, manhaja ta riƙa tuntuɓe a wuri guda kullum. A Thunderbird ana danna jakar da linzamin dama, a shiga Properties, a zaɓi Repair Folder. In bincike ne ke jawo nauyin, a rufe manhajar a goge fayil mai suna global-messages-db.sqlite, za ta sake gina shi da kanta ba tare da an rasa wasiƙa ko ɗaya ba. Ya kamata kuma a san cewa wasiƙar da aka goge ba ta barin fayil sai an yi Compact, saboda haka Inbox da ake gani da wasiƙa ɗari biyu yana iya ɗauke da gawarwakin dubbai. Amma kada a yi wannan matsewa sai da tabbacin wuta da kwafi a hannu. Ita Outlook tana da makamin gyara mai suna scanpst.exe a cikin jakar Office, kuma fayil ɗinta, ko da yake haddinsa gigabait 50 ne tun daga Outlook 2010, yakan fara nauyi tun kafin ya kusanci nan.

Idan duk wannan bai yi ba, a buɗe wa manhajar sabon mazauni, wato profile, a bar tsohon yadda yake: a rubuta thunderbird -P a gurbin nan na Windows da R, ko a shiga Mail cikin Control Panel ga mai Outlook, a ƙara akwatunan ɗaya bayan ɗaya ana lura. Sai idan sabon mazaunin ma ya sanƙare ne zargi zai hau kan ƙarfen kansa, wato ƙurar hunturu da ta toshe fanka, ko zafin bazara, ko faifan da ya gaji yana ƙara, ko Windows ɗin da aka daina kula da shi, kamar Windows 7 tun Janairun 2020 da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025.

Khatima

Wanda ya kai wannan matsayi yana da hujjar ɗaukar kwamfutarsa zuwa wurin masu gyara a Titin Beirut ko Farm Centre a Kano, kuma zai je ne da takardar da ya rubuta sakamakon jarrabawarsa, wadda za ta rage masa kuɗi da zirga-zirga. Ya nemi a share ƙura, a auna lafiyar faifan, in da hali a musanya shi da irin SSD, a ƙara ƙwaƙwalwar aiki zuwa gigabait 8. Ya kafa sharaɗi tun kafin ciniki cewa ba za a goge komai ba sai a gabansa, kada kuma ya bar kalmar sirrin akwatunan a hannun kowa, domin abin da ke cikinsu, na sunayen manoma da lambobin asusunsu da yarjejeniyar bashin taki, amanar jama'a ce da za a tambaye shi a kanta.

Bayan an warke, abin da ya rage shi ne kiyayewa: a kwafe ma'ajiya kowace Juma'a, a kwashe wasiƙun kakar da ta wuce daga Inbox zuwa jakar shekararsu da zarar an gama girbin alkama ko na shinkafa, a rufe manhaja kafin a kashe janareta, kuma duk gyaran da za a yi a yi shi tun kafin lokacin rajistar noman rani ya matso, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya sa mu dace, ya ba mu ikon riƙe amana.